SUNAN DA INNA BA TA FAƊA

Shafi na 14

Masu cika min akwatin saƙo da cewa na bar Delu a tsaye da goyo na tafi sabgata, to ga ta nan na dawo muku da ita. Hajiyar da ta ce in wani abu ya sami yaron nan ni da ita ne, na ji, Allah ya huci zuciyarki. Wanda yau ya fara leƙowa kuma ya gyara zama, zai gane.

*

Tun daga Gyallesu har suka shigo cikin ganuwa, Gwaggo Sailuba ba ta ce da Delu uffan ba. Tana gaba da lemarta a naɗe, Delu na biye da goyo, yaron yana ta kukan nan da ya wayi gari da shi har muryarsa ta dishe. An sha ruwa da hantsi, lungunan Kwarbai duk sun caɓe, amma tsohuwar ko tsallake taɓo ba ta yi, ratsawa kawai take.

Delu ta san an ce ta yi laifi. Wane laifi ne, nan ne kanta ya ɗaure. Gwaggo ƙanwar mahaifinta ce, kuma ita ta haifi mijinta Aƙilu, ga shi tun rasuwar mahaifin nata, Malam Garba, maganar Gwaggo ce magana a gidajen biyu. Rabonta da gidan Delu a Gyallesu tun ranar suna. Yau kuwa ko tabarma ba ta bari an shimfiɗa mata ba, daga tsaye ta ce uwarki na kira, ta juya.

A hanya Delu ta zazzage laifukanta kaf ta duba. Ko don ta koma aji da goyo ne, a wannan lokaci da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, har ana neman malamai ruwa a jallo? Ko don ba ta je gaisuwa ba tun da Aƙilu ya tafi kwas Kaduna? Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta ajiye. Abu ɗaya da ko kusa bai zo mata ba shi ne labarinta na rediyo, don a saninta Inna ba ta kunna rediyo sai da azumi, Gwaggo kuwa ta ce surutu ne mai cin batir.

Labarin nan ita kanta tsoro yake ba ta kwanan nan. Tana da cikin Idi, yaron nan da ke bayanta, ta fara rubuta shi, don yara irin 'yan aji bakwai ɗinta da na sakandare, kuma tun farkon damina Malam Bahago ke karanta shi babi-babi a shirin matasa, duk Juma'a bayan la'asar. Labarin wani yaro ne, Lawal, mai kiwon tantabaru, wanda da an yi ruwa sai ƙasusuwansa su kama ciwo, idonsa ya koma rawaya. Ran da ta kai babin baya-bayan nan Malam Bahago ya tsare ta da tambaya, wai masu sauraro suna son jin abin da ya sa ta rubuta wannan, tunda sa'o'inta soyayya da ban dariya suke kawowa, ita kuma ta ɗauko yaro a kwance. Ta ce wallahi ba ta sani ba, yaron ne kawai ya zo mata ya ƙi tafiya. Ya yi dariya ya ce ai wannan ba amsa ba ce, ta je ta sake tunani. Sannan ya ƙara mata da cewa wata nas ta zo har ofis tana tambayar a wane asibiti marubuciyar ke aiki, don ciwon da ta zana yana da suna, amosanin jini, kuma gadonsa ake yi ta wajen uwa da uba.

Delu ba ta taɓa aikin asibiti ba, ba ta taɓa jinyar kowa ba. Amma a babin farko ta rubuta cewa ciwon Lawal tun yana goye ya fara, da kumburin hannu da ƙafa. Ga kuma ɗanta na fari a bayanta, hannuwansa biyu a naɗe cikin tsumma don kada kowa ya ga yadda suka koma.

Sun tarar da Inna Hadiza a ɗakinta, zaune a ƙasa ta jingina da gado, kokonta na safe a rufe ba a taɓa ba. Delu ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ba ta miƙo hannu ta karɓi jikanta ba, ita da kullum da shi take fara tsiya, wai ga mijinta da ba ya cefane ya zo cin banza.

"Wa ya gaya miki?"

"Me fa, Inna?"

"Mutum ɗaya kawai za ki faɗa min. Ba zan yi mishi komai ba."

Delu ta waiwayi Gwaggo, wadda ta tsaya ta tokare bakin ƙofa. Gwaggon ce ta yi bayani a taƙaice, cewa jiya Inna ta shiga barka maƙwabta, 'yan matan gidan suka kunna rediyo a tsakar gida, ana cikin hira sai gani aka yi ta miƙe ta fice ba sallama, takalmanta ma biyo ta aka yi da su.

"Zancen yaron nan muke miki," in ji Gwaggo.

Delu ta ɗauka Idi ake nufi. Ta kai hannu baya ta dafa goyon, ta shiga kame-kame cewa zazzaɓi ne kawai, haƙori ne yake son fitowa.

"Ba na bayanki ba. Na cikin akwatin."

Sai da ta yi jim kafin ta gane rediyo ake nufi. Da ta gane kuma sai ta ji wani sanyi, har dariya ta so kuɓuce mata. Ashe duk wannan tafiyar cikin taɓo a kan yaron takarda ce.

"Gwaggo, ai wannan ba mutum ba ne. Ƙirƙirarsa na yi."

"Ƙirƙira."

"Daga kaina. Haka ake rubuta littafi."

"Tantabarun ma daga kanki?"

"E."

"Har farar da ya fige wa fiffike don kada ta tashi ta bar shi?"

"Gwaggo, ai duk mai kiwon tantabaru..."

"Har buhun gishiri?"

Inna ce ta faɗi wannan, a hankali, idonta na kan tabarma.

A babin jiya maganar take. In ciwo ya taso wa Lawal yakan kira ƙanwarsa, wata 'yar lukutar yarinya da ba ta daɗe da iya magana ba, ta hau ƙaurinsa ta zauna, don nauyinta na rage masa raɗaɗi. Yakan ce, zo buhun gishirina, danne min. Duk cikin labarin babu wurin da Delu ke ji da shi kamar nan. Tana tuna safiyar da maganar ta faɗo mata, tana regayar shinkafa, sai ga hawaye na ɗiga cikin ƙwarya ba dalili. A lokacin ciki ta ɗora wa laifi.

"A ɗaki yake wannan maganar, labule a sake," Inna ta ce. "Ko babanku bai taɓa ji ba. To wa ya gaya miki, Delu?"

Babanku.

Tun da Delu ta yi wayo, babanki take ji, don ita kaɗai ce a wajen Inna, ba wa ba ƙani. Ta buɗe baki za ta gyara wa Inna maganar, sai kuma sunanta da aka kira ya dawo mata cikin kunne kamar yau ta fara jin sa. Ƙawayenta 'yan fari duk ba wadda uwarta ke kama sunanta, daga "ke" sai "waccan," wata ma ko kallon kirki ba a yi mata a gaban mutane. Ita kuwa Inna daga madafa take ƙwala mata kira har zaure a ji. Delu ta sha yin alfahari da wannan a makarantar kwana, wai innarta wayayyiya ce, ba ruwanta da alkunyar ɗan fari.

Kuma ita da hannunta, zangon da ya wuce, ta rubuta wa yara a allo: Tanko, namijin da aka haifa bayan mata. Delu, macen da aka haifa bayan maza. Har wata mai bakin tsiya ta ɗaga hannu ta ce, Malama yayyenki maza nawa? Ta ce ita sunan wata kaka ta ci, kamar yadda aka gaya mata, ta goge allo ta wuce darasi na gaba.

Sai ga telan bakin layinsu ya faɗo mata. Duk Kwarbai Lawal tela ake ce masa, amma a bakin Inna mai keke ne. Mahaucin da ke kawo musu nama ma Lawal ne, shi kuma Inna ta mai da shi ɗan gidan Sarkin Fawa. Delu ta laluba iya tsawon rayuwarta tana neman rana ɗaya da ta ji sunan nan daga bakin uwarta, ba ta samu ba.

Ta sulale ta zauna daɓas, yaron ya ƙara tsanyara a bayanta.

"Inna, ni ce ta fari?"

Inna ta kawar da kai.

"Inna."

"Ke ce ta uku."

Gwaggo ta ja tsaki ta ce ai shi ke nan, an ɓare abin da aka daɗe ana lallaɓawa. Inna ba ta kula ta ba. Ta fara magana tana murza bakin zaninta, kuma har ta gama ba ta kama sunan ba, sai dai ta ce babban, ko ta ce shi. Maza biyu ta haifa kafin Delu. Na biyun bai kai yaye ba. Babban kuwa ya ja har ya sauke izu goma, ya fara tsayi, a kwance rabi a tsaye rabi. An ce sanyi ne, an ce shawara ce, an ce mayu, an ce iska. Wanzami ya yi masa tsaga har ba sauran wuri a gwiwarsa, an sha saiwoyi, an yi turare, an yanka abin yankawa. Da damina ta kama sai gidan ya koma gidan jinya. Kuma duk cikin maganin nan babu wanda yake nema da bakinsa sai ƙanwarsa ta zo ta zauna masa a ƙafa.

Ran da ya rasu Delu ba ta fi shekara huɗu ba. An manta da ita cikin rububi, ta bi bayan maza masu kai shi makwancinsa ba wanda ya lura, sai can wajen Ƙofar Kuyambana wani ya tsinto ta ya dawo da ita a kafaɗa. Daga ranar kullum sai ta sulale ta kama hanyar ƙofar, wai za ta je ta danne masa ƙafa, an bar shi shi kaɗai. Ta daina cin abinci. Ta rame har wuyanta ya fito, buhun gishirin da ake faɗa ya koma abin da iska za ta ɗauka. Inna ta ga ta ukun ma za ta bi su.

Shi ne Malam Garba ya samo rubutun dangana, irin wanda ake ba yaron da aka yaye don ya manta da nono. Malamin da ya yi ya ce a ba ta ta sha, a shafe mata kai da sauran, amma da sharaɗi: kada a ƙara ambaton yaron a gabanta, kada a bar abin da zai tuna mata. Aka rabar da tantabaru, aka kai allonsa da rigunansa gidan Gwaggo, aka bi maƙwabta gida-gida aka roƙe su. Unguwa guda ta kama bakinta saboda yarinya ɗaya. Kafin kaka ta yi Delu ta koma cin tuwo, ta daina tambaya.

"Akurkin da ke bayan madafa," Delu ta ce, "wanda aka ce na Baba ne."

"Babanku ko kaza bai taɓa kiwo ba."

Delu ta runtse ido ta nemi fuskar yayanta. Babu. Wadda ta zo mata ita ce ta yaron labarinta, mai wushirya da manyan kunnuwa, kuma ba ta sani ba ko tunawa ta yi ko ƙagawa. Ta so ta yi kuka, ta rasa wanda za ta yi wa, wan da ba ta sani ba ko yaron da ta ɗauka nata ne. Ta so ta yi fushi da Inna, sai ta ga tsohuwar da ta binne biyu ta haɗiye sunan ɗaya don ta ukun ta rayu. Abin da ya fi tsaya mata ma wani ɗan ƙaramin abu ne na ban kunya: ashe duk yabon da ake mata a rediyo, wai Malama Delu mai basira, ba basira ba ce, gani ta yi.

"Yana da wushirya?"

Inna ta gyaɗa kai, hawaye ya zubo mata.

"To an ji, an yi kuka," Gwaggo ta ce, ta shigo ta zauna a bakin gado. "Yanzu sai gyara. Tun yaushe ake karanta abin nan?"

"Tun farkon damina."

"Shi kuma wannan na bayanki tun yaushe yake zazzaɓi yana warkewa yana komawa?"

Delu ta san amsar ɗaya ce: tun farkon damina.

Gwaggo ta ce ai ga shi nan, ba sai an je wajen mai duba ba. An ce kada a ambaci suna a ɗaki ɗaya, ita ta ɗauka ta kai akwati ana shelarsa daga nan har inda rediyo ya tsaya. Ta zauna da ciki tana zana ciwo dalla-dalla, tana kiran sa da alƙalami, to ga shi ya amsa. Litinin Delu ta shiga mota ta je gidan rediyon ta ce a daina karantawa, takardun kuma a kawo a ƙona, sannan a samo malami ya sake ɗaure abin da ta kwance.

Wallahi da a ce jiya ne aka faɗi haka da Delu ta yi murmushin 'yan boko ta bar shi a nan. Yau kuwa maganar ta shige ta, don abin da take gaya wa kanta ke nan tun da ta ga hannuwan yaron, shi ya sa ma ta naɗe su. Ita ta rubuta kumburi, kumburi ya zo. Amma kuma ga maganar nas ɗin nan da ba ta taɓa gani ba tana mata yawo a ka, ta wajen uwa da uba, ta wajen uwa da uba. In gado ne, to ba alƙalaminta ba ne. In kuma gado ne, to babu takardar da za a ƙona ya tafi. Ta rasa wanne ma take fata ya zama gaskiya.

Ta ɗago ta dubi Gwaggo. Kowa ya san Gwaggo ta yi wabi kafin Aƙilu ya tsaya mata, shi ya sa ma ta huda masa kunne tun yana jariri, hujin da har yau ake tsokanarsa da shi. Amma ba wanda ke tayar da zancen wabin.

"Gwaggo, don Allah in tambaye ki."

"Ina ji."

"Naki da suka koma, hannunsu ya kumbura?"

"Ke, ki kiyaye ni."

"Su wa ya rubuta su?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabinta da ba abin da ya same shi, ta ce kowa da kwanansa, kuma ita ba ta zo nan don 'yar cikinta ta yi mata titsiye ba. Amma muryarta ta sauka, kuma ba ta ce a'a ba.

Kukan Idi ya koma wani siririn abu mai yankewa yana dawowa. Inna ta share fuska da bayan hannu. Delu ta zaci faɗa za ta yi mata, ko ta ce ta bi maganar Gwaggo. Sai ta ji ta yi tambaya cikin wata murya kamar ta yarinyar da ke roƙon a ƙarasa mata tatsuniya.

"A cikin naki... ya tashi?"

"Wa?"

"Shi. Na rediyon. A ƙarshe warkewa yake yi?"

Nan ne Delu ta fashe da kuka. Ta gaya mata gaskiya, cewa ba ta rubuta ƙarshen ba. Malam Bahago na ta aike, babi ɗaya ya rage, amma duk sanda ta zauna sai ta kai daidai inda maza suka cika tsakar gida, ƙanwar ta fito tana bin su a baya, ga wata ƙofar gari can gaba, daga nan sai farar takarda. Ta gwada ta ce ya warke, ta ji ƙarya take. Ta gwada ta ce ya mutu, hannunta ya ƙi.

"Iya nan kika gani," Inna ta ce. "Daga nan aka ɗauko ki."

Ta matso da gwiwa, ta kwance goyon da kanta ta ɗora yaron a cinya. Delu ta kai hannu za ta tare tsumman, Inna ta ture hannun. Ta warware na dama, ta warware na hagu. 'Yan yatsun sun yi suntum suna sheƙi, bayan hannun ya tasa, da ta ɗan taɓa sai yaron ya zabura ya sandare. Ta janye fatar idonsa ta leƙa. Ta kifa tafinta a gefen cikinsa na hagu ta ɗan danna, ta daɗe a haka, fuskarta na sauyawa.

Ta miƙe ta jawo zanin goyo daga kan gado, ta sunkuya ta saɓa shi a bayanta, ta ɗaure tamau, ta ce da Delu ta ɗauko mata mayafi, asibiti za su.

Gwaggo ta riga su bakin ƙofa. Ta ce ba inda za a kai mata jika uban yaro ba ya gari, kuma asibiti in an shiga da irin waɗannan jini ake zuƙe musu. A bari Aƙilu ya dawo. Kafin nan ita za ta aika a kira wanzami, a kuma samo rubutu, a ga abin da Allah zai yi zuwa jibi.

Ku sani, tun da aka kawo Inna Hadiza gidan nan tana amarya ba ta taɓa mayar wa ƙanwar mijinta magana ba. Ko goro Gwaggo ta ce ya yi tsada, Inna cewa take haka ne. Delu na riƙe da mayafi tana jiran ta ga an kwance goyo an koma an zauna.

"Matsa, Sailuba."

"Me kika ce?"

"Na Lawal ma jibi kika ce."

Sunan ya fito mata da ƙyar, a karkace, kamar ƙofar da ta daɗe a kulle. Ita kanta sai da ta dafa bango. Gwaggo ta dube ta, ta dubi Delu, sannan ta ja jiki gefe.

Suka fito. Hadari ya sake haɗowa ta gabas, mutane na ta kwashe shanya. Inna ce a gaba yanzu, tana sauri irin wanda Delu ba ta san tana da shi ba, ta nufi bakin titi inda ake samun tasi mai fita Ƙofar Doka. Lawal tela na zaune a kan kekensa ya ɗago ya gaishe su, Inna ta ce masa sannu Lawal ta wuce, mutumin ya bi ta da kallo baki buɗe.

Delu na biye, kanta na juyawa. Tana da wa. Ta yi shekaru tana da wa a ƙarƙashin ƙasa can bayan ganuwa, ita kuma tana nan tana ba shi tantabaru a takarda tana cewa ƙirƙira. Ta ce a ranta in Malam Bahago ya sake tambayarta yanzu tana da amsa, sai dai ba ta san ta yadda za ta faɗe ta ba. Tana wannan tunanin ne ta ji kamar wani abu ya ɓace a lungun. Ta duba hannunta, jakarta na nan. Ta waiwaya, ba kowa. Tana jin ƙarar keken tela, tana jin luguden wani gida, tana jin takun Inna cikin taɓo.

Abin da ba ta ji shi ne kuka.

Kan yaron ya langaɓe gefe guda a bayan Inna, hannun nan mai kumburi ya zaro daga zani yana reto.

"Inna, barci ya yi ko?"

Inna ta tsaya cak. Ba ta juyo ba. Ta kai hannu baya a hankali ta lalubi ƙafarsa ta riƙe.

Delu da ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari a gaban manya ba, ta ji bakinta ya buɗe da kansa a tsakiyar titi.

"Idi. Idrisu."

"Delu," in ji Inna, har yanzu ba ta juyo ba, "zo ki sa kunnenki a bayansa. Ni nawa bugun ya hana ni jin nashi."